Launin rigar kakanmu: manhaja ce ta sani ko Gwaggo?

Malamin Birni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da na ɗauka wasan yara ne da farko, amma yanzu ya raba kan manyan gidanmu. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mun buɗe adakarsa muka tarar da hoton kakanmu guda ɗaya tak, naɗe cikin tsohuwar takarda a ƙarƙashin riguna. Hoton baƙi da fari ne, bai wuce tafin hannu ba, kuma gara ta ɗan taɓa gefensa na hagu. Kakan yana zaune bisa kujera a ƙofar zaurenmu na unguwar Birni a Damagaram da babbar riga da rawani, mahaifinmu kuma yana tsaye a gefensa yana ɗan kimanin shekara bakwai, abin da ya sa muka ƙiyasta cewa an ɗauke shi ƴan shekaru kafin samun ƴancin kai na 1960.

Ɗan ƙanena ya ɗauki hoton da wayarsa, ya zuba shi cikin wata manhaja, kafin a kai ga shayi na biyu ya miƙo mana shi da launi. Ba zan ɓoye muku ba, jikina ya yi sanyi, domin ban riski kakan nan da rai ba, sai ga shi kamar zai buɗe baki ya amsa gaisuwa. Nan take muka shirya a wanke shi babba, a sa a firam kafin bikin auren ƙanwarmu. Amma da aka kai wa Gwaggo, wadda ita ce babba cikin ƴaƴansa biyu da suka rage, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da wayar ta ce wannan mutum kyakkyawa ne, sai dai ba babanta ba ne. Ta ce bai taɓa mallakar riga shunayya ba, rawaninsa ba ruwan toka ba ne, daga nan ta tambayi inda tsagensa ya tafi. Na koma na duba na asali, tsagen yana nan a kumatunsa, siriri amma ana ganinsa, alhali a na launin fuskar sumul take kamar ta jinjiri.

Yanzu matasan gida suna cewa a rataya na launin, ita kuwa ta ce ba a ɗakinta ba. Mene ne ra'ayinku, kuma akwai hanyar da za a bi a sami launin gaskiya?

Ɗan Damagaram a Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan magabata. Ni a ganina an ɗauki abin da zafi fiye da kima. Ba kotu za a kai hoton nan ba, bango za a rataya shi domin jikoki su san daga inda suka fito. Ƴaƴana ba sa tsayawa su kalli hoto baƙi da fari, suna ganinsa kamar na wata duniya da ba ta shafe su ba, amma ranar da na nuna musu na mahaifiyata da launi sai da suka yi ta tambaya har dare ya raba. Sannan mu tuna cewa shi ma baƙi da farin ba gaskiya ba ne, tunda kakanninmu ba cikin toka suka rayu ba. Idan an kuskure launin riga, ai an dawo da mutum kusa da zuciyar zuriyarsa, kuma wannan ya fi launin riga daraja.

Ɗalibar jami'a:
Malam, da izininku zan ɗan yi bayanin yadda waɗannan manhajoji suke aiki, domin karatuna ya shafi fannin, kuma ina ganin da yawa daga cikin saɓanin zai ragu idan aka fahimci abu guda. Hoton baƙi da fari ba ya ɓoye launi a cikinsa wanda za a tono daga baya. Abin da ya adana kawai shi ne yawan hasken da ya dawo daga kowane wuri, kuma jan yadi da koren yadi suna iya barin ruwan toka iri ɗaya sak a kan takarda. Saboda haka manhaja ba dawo da launi take yi ba, ƙiyasi take yi.

Yadda ake koyar da ita shi ne, a tara hotuna masu launi, a cire musu launin, a ce ta cika, sannan a gwada amsarta da na asali a gyara mata, a yi ta maimaitawa. Wani sanannen aiki da masu bincike na jami'ar Berkeley ta Amurka suka fitar a 2016 ya yi amfani da hotuna sama da miliyan ɗaya ta wannan hanya. Daga baya, a 2018, wani mai suna Jason Antic ya fito da wani tsarin sanya launi da ake kira DeOldify, wanda kamfanin MyHeritage ya ɗauki fasaharsa ya buɗe wa jama'a a farkon 2020, kuma tun daga lokacin ire-irensu suka cika wayoyi. Suna ƙoƙari a kan abin da launinsa ba ya canzawa, kamar sararin sama da ganyen bishiya. Tufa kuwa tana iya zama kowane launi, don haka idan na'urar ta rasa tabbas sai ta fake a tsakiya, ta ba da ruwan ƙasa ko wani shuɗi mai sirkin shunayya. Ina kyautata zaton daga nan rigar kakanku ta samo nata. Ƙari a kan haka, yawancin hotunan da ake koyar da su ba daga ƙasashenmu aka tattaro su ba, saboda haka ba ta da masaniyar abin da dattijon Birni yake sawa ranar da zai zauna gaban mai hoto.

Batun tsage kuma aiki ne na daban. Manhajoji da yawa suna haɗa sanya launi da abin da suke kira gyaran fuska, wanda a haƙiƙa sake zana fuskar ne daga fuskokin da na'urar ta saba gani. Tsage a wurinta karce ne a jikin takarda, sai ta share shi. A wasu manhajojin ana iya kashe wannan ɓangare a bar launi kaɗai, kuma ina ba da shawarar a kashe shi a kowane tsohon hoto.

Tsohon mai hoto:
Ƴata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da na daɗe ina son faɗa ban san ta inda zan kama ba. Bari in ƙara muku wanda ba a kwamfuta na koye shi ba. Na fara koyon sana'ar nan ina saurayi a gefen kasuwar Dole, wurin wani maigidana da ke aiki da akwatin katako mai ƙafa uku, irin wanda ake zura hannu ta cikin baƙin ƙyalle. Babu fim a cikinsa, takardar hoto ce ake sawa kai tsaye. A zaunar da mutum, a ce kada ya motsa, a cire murfin gilashi a ƙirga, a mayar. A cikin akwatin nan ake wanke takardar, ta fito a juye, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Sai a manna ta a wani ɗan allo gaban gilashin a sake ɗaukarta, sannan hoton gaske ya fito.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, takardar nan kusan makauniya ce ga jan launi. Shi ya sa a ɗakin wanke hoto jar fitila muke kunnawa, tunda ba ta ɓata takarda. Ma'anar haka, duk abin da yake ja a jikin mutum baƙi ƙirin yake fitowa ko kusa da haka, shuɗi mai haske kuma ya fito fari-fari. Jan lalle a hannun amarya baƙi yake fitowa. Murjanin wuyanta baƙi. Jar darar mazan jiya da suka yi wa Faransa aikin soja, wadda suke sawa su zo da lambobinsu a ƙirji, baƙa take fitowa. To, na'urar da ta ga baƙi a kan tsohon soja, da wane dalili za ta ce ja ne? Za ta ba shi baƙar hula ko shuɗiya mai duhu, kuma duk wanda ya san mutanen nan ya san an yi musu ƙarya. Manyan ɗakunan hoto da suke aiki da fim na zamani ba su da wannan matsala sosai, domin fim ɗinsu yana ganin dukkan launuka, amma hoto ɗan ƙarami da aka ɗauka a ƙofar gida a wancan lokaci, akwai alamar na akwati ne.

Amma domin in yi adalci ga ɗan'uwanmu na Yamai, mu ma ba tsarkaka ba ne. Saboda takardar tana ƙara wa fatarmu duhu, maigidana yakan shafa ɗan jan ruwa a fuskar hoton farko mai juyayyen launi kafin a sake ɗaukarsa, sai fuskar ta fito da haske. Akwai kuma masu bin hoto da ɗan buroshi suna sa wa ɗankwali ko zobe launi idan mai shi ya biya. Bambancin kawai shi ne mai hoton yana tsaye a gabanmu, rigarsa tana jikinsa, idan muka kuskure zai ce ba haka ba ne.

Ɗan Damagaram a Yamai:
Baba, ai ka ba ni hujja da bakinka. Idan tun asali ana taɓa hoto, me ya sa na yanzu zai zama laifi?

Tsohon mai hoto:
Ban ce laifi ba ne, ɗana. Na ce wanda zai ce ba haka ba ne ya kwanta dama, sai ƴarsa, kuma ta faɗa.

Maɗinkin Sabon Gari:
Ni ta ɓangaren tufa zan shigo, domin a nan ne nake ganin ɗan'uwanmu na Yamai ya raina abin da bai kamata a raina ba. A wancan zamani launin riga ba ado ne kawai ba, yana faɗin matsayin mutum da abin hannunsa. Rigar tsamiya, wadda ake saƙawa da zaren tsutsar daji, launinta tsakanin ruwan ƙasa da ruwan madara yake, ba rini ba ne, haka zaren yake, kuma ba kowa ke iya mallakarta ba. Saƙi kuwa baƙin shuɗi ne da ƙananan ɗigo kamar jikin zabuwa. Akwai mai ratsin alharini ja. Idan aka ɗauki mai tsamiya aka sa masa shunayya, an tuɓe masa abin da wataƙila ya yi shekaru yana tara kuɗinsa, aka sa masa yadin da bai taɓa gani ba.

Rawanin da Gwaggo ta ce ba ruwan toka ba ne, ina zargin ɗan Kura ne, wato turkuɗin da ake rinawa da baba sau da yawa, a buga shi da shuni har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe, wanda fatake suke ɗaukowa daga ƙasar Kano su ratsa ta nan garin zuwa Agadas. Wannan walƙiyar ce take yaudarar na'ura, domin a hoto wuraren da rana ta buga suna fitowa fari-fari, sai ta zaci yadi ne mai haske. Malam, ka duba goshin kakan a hoton asali, ƙasan rawanin. Turkuɗi yana zuba a fata, masu shi ma da hakan suke alfahari.

Kwanakin baya na ga wani tsohon hoton ƙofar fada yana yawo a Facebook, an ce na lokacin da Damagaram take babban birnin ƙasa ne, kafin Turawa su mayar da shi Yamai a 1926. An sa masa launi, dogarai duk sun fito da shuɗɗan riguna. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla ya san da ja ake gane dogari tun daga nesa. Mutane ɗaruruwa suka yaɗa shi, babu wanda ya rubuta cewa launin na na'ura ne. Yaron da ya gan shi yau, nan da shekara ashirin zai yi rantsuwa cewa dogaran da shuɗi suke sawa, domin gani ya kori ji, kuma ya gani.

Hajiya ta Zango:
Sallama gare ku. Na karanta duka, kuma ina so in faɗi nawa domin kada a tashi da cewa sanya launi ɓarna ce zalla. Ina da hoton mahaifiyata ranar da aka kai ta ɗaki. Shekara da shekaru yana cikin kwalla tare da zanen da ta ɗaura a ranar, wanda ta bar mini, har yanzu ƙanshin turaren wutarta bai gama fita daga jikinsa ba. Da jikata ta sa wa hoton launi a waya, zanen ya fito kore, alhali ga shi a hannuna baƙin shuɗi da ratsin ja. Ban yi fushi ba. Na naɗe zanen na tafi da shi wurin wani yaro mai aikin hoto da kwamfuta, na shimfiɗa masa a tebur, na ce wannan nake so ka sa mata. Na gaya masa tsakiyar wuyanta ja ce, ƴan kunnen azurfa ne ba zinariya ba, bangon da ke bayanta kuma makuba aka shafa masa, ba farar ƙasa ba. Kwana uku ya yi yana aikin, na biya shi jaka biyar, na koma sau biyu ina cewa ya rage nan ya ƙara can, musamman a fatar, domin da farko ya haskaka ta har ta koma kamar Balarabiya, ita kuwa baƙa ce kyakkyawa.

Ranar da na karɓo shi na yi kuka, ba na baƙin ciki ba. Saboda haka ni ina tare da masu son launi, amma launin da aka tambayo. Malam, kana da abin da mutane da yawa ba su da shi, wato Gwaggo tana raye kuma hankalinta garau. Kada ka tsaya jayayya da ita a kan hoton waya. Ka ɗauki littafi ka zauna gabanta, ka bi hoton daga rawani har takalmi.

Ɗalibar jami'a:
Abin da Hajiya ta sa aka yi mata shi ne hanyar da ƙwararru suke bi. A manhajojin gyaran hoto irin su Photoshop, ko GIMP wanda kyauta ne, ana ɗora launi a wata shimfiɗa ta daban a saman hoton, ta yadda haske da inuwar asali ba sa taɓuwa, kuma ana iya canza launin riga gobe idan an sami sabon bayani ba tare da an sake komai ba.

Jiya da dare na yi wani gwaji da kowa zai iya maimaitawa. Na ɗauki hoton da na ɗauka da kaina a hawan sallar bana, na cire masa launi, na ba manhajoji biyu. Sama ta fito daidai a duka biyun, dokin ma ba laifi. Amma jar rigar dogarin, ɗaya ta mayar da ita ruwan ƙasa, ɗayar kuma shuɗiya. Wannan hoton waya ne na bana mai tsabta, ba na akwatin Baba ba.

Malam, kafin komai ina roƙon a ceci na asalin. A kai shi a yi masa sikan da kyau, aƙalla ɗigo 600 a kowane inci tunda ƙarami ne, a kuma yi sikan ɗin da launi ko da yake baƙi da fari ne, domin hakan ya fi riƙe bayanan takardar. A adana shi a tsarin TIFF, wanda ba ya rage ingancin hoto, a ajiye kwafi a wuri biyu. Idan za a tura wa dangi ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, wato document, domin idan aka tura shi a matsayin hoto matse shi ake yi, kuma siraran abubuwa irin tsage su ne suke fara ɓacewa. Kada a yi masa rufin leda mai zafi, domin ba ya ciruwa. Wanda kuma nasa ya manne da gilashin firam, kada ya ɓamɓare shi, a yi sikan ɗinsa tare da gilashin. A sani kuma cewa yawancin manhajojin nan ba a cikin waya suke aikin ba, tura hoton suke yi zuwa na'urorin kamfaninsu a wata ƙasa, don haka ya kamata a nemi yardar manya kafin a zuba hotunan iyaye mata.

Ɗan Damagaram a Yamai:
Na karɓi maganar tsage, wannan kam ba ta da kariya, domin da shi ake sanin gidan da mutum ya fito. Na koma na duba na mahaifiyata, ita ma an share mata nata ban lura ba sai yau. Amma har yanzu ina nan a kan cewa wanda ba shi da wata Gwaggo, ba shi da zane a kwalla, bai kamata a hana shi ganin mahaifinsa da launi ba, ko da na ƙiyasi ne.

Maɗinkin Sabon Gari:
Babu mai hana shi, Alhaji. Ya rubuta a ƙasan hoton, a jikinsa ba a saƙon da ya raka shi ba, cewa launin ƙiyasin na'ura ne da shekarar da aka yi. Saƙo yana faɗuwa a hanya idan an yi ta turawa, hoton ne yake isa.

Malamin Birni:
Na gode muku ƙwarai, kuma ku gafarce ni da jinkirin dawowa. Na bi shawarar Hajiya, na zauna da Gwaggo ranar Juma'a bayan la'asar, da hoton asali da littafi. Maɗinki, ka canka daidai: rigar tsamiya ce mai aikin aska biyu, rawanin kuma ɗan Kura ne, har ta ce idan ya warware shi da dare goshinsa shuɗi yake kwana. Ta ce wandon fari ne, takalman jar fata ne irin na dukawan garin nan, wanda ya dace da bayanin Baba tunda a hoton baƙi suka fito. Kujerar ma ashe ba tamu ba ce, mai hoton ne ya zo da ita a ka. Zaman da na yi niyyar ya zama na rabin sa'a ya kai mu magariba, kuma rabin abin da na rubuta bai shafi launi ba.

Mun tsaya a kan cewa za a wanke guda biyu girma ɗaya a rataya su kafaɗa da kafaɗa, na asali ba tare da an taɓa shi ba har da cin garar, na biyu kuma da hannu za a yi shi bisa abin da ta faɗa, a rubuta sunanta da shekara a ƙasa. Ta yarda, da sharaɗin sai ta ga tsagen da idonta kafin a kai wurin wanki.

Abu ɗaya ne ya gagara, wato hular da ke kan mahaifinmu. Gwaggo ta ce ja ce, Baffa ya ce baƙa ce kuma shi ya gaje ta da ta yi wa yayansa kaɗan. Kowannensu ya kafe. Baba, ko akwai abin da ke cikin hoton da zai raba gardamar?

Tsohon mai hoto:
Babu, Malam. A takardar akwati ja da baƙi ɗaya suke fitowa. Ka bar ta yadda mai hoton ya bar ta.

Malamin Birni:
To, haka za a yi, hular za ta zauna babu launi. Maɗinki, ko kana da ƙyallen tsamiya na gaske da za a nuna wa mai aikin? Na kwatanta masa da baki ya ba ni ruwan goro.

Maɗinkin Sabon Gari:
Akwai wata tsohuwar riga da aka kawo mini gyaran wuya, zan nemi izinin mai ita. Ku zo da safe kafin rana ta yi ƙarfi, a ɗauke ta a inuwar ƙofar shago, domin fitilar ciki tana mayar da ita rawaya.